Waya mai ɓargo, da sauran sunayen da muka tsayar

Jama'a masu walda na Katsina da kewaye, ga inda aka kwana kan sunan Hausa da za mu sa ma wata irin walda, wanda muke ta ja a kansa. Ina nufin waldar da ake rubuta wa FCAW a jikin kwalin waya, wadda yaran shago ke ce ma "fulas", wasu kuma su haɗa ta da mig, waldar waya marar hoda da ake yi da gas, su ce duk jirgi ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma rashin sunan na cikin abin da ke sa ana saita inji a karkace.

Ga wanda bai taɓa riƙe ta ba: sandar walda da muka saba da ita, ƙarfen na ciki, hodar na manne a waje. Wannan an juya ta. Ƙarfen ne a waje, siririn bututu, hodar a ɗure a cikinsa, an naɗe shi a rol inji na turo shi ta bakin bindiga, wato abin da mai walda ke riƙewa a hannu, ba tsayawa. A Amurka aka fito da ita cikin shekarun 1950, da farko sai an haɗa mata gas, sannan a 1959 kamfanin Lincoln Electric ya kawo irin da ba ta neman gas ko kaɗan. Yanzu da ƙananan injinanta suka fara shigowa hannu, ga manyan ayyukan ƙarfe irin na layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 zai ratsa Daura da Katsina, yaron da ya iya sanda kaɗai zai ga ana wuce shi.

Sunan farko da aka jefo shi ne "waya mai ciki". Dariya ta kashe shi, ban ma sa baki ba. "Waya mai hoda" ya fi shi, sai dai sanda ma hoda gare ta, sunan bai gaya maka inda hodar take ba, kuma nan ne duk bambancin yake.

Wanda ya ba ni wahala shi ne na wani dattijo, maƙerin farfaru, da ɗansa ya rubuto a madadinsa. Ya ce ku yaran zamani kuna neman abin da ke aljihunku: abin da maƙeri ke sa wa ƙarfe don lanƙi ya kama, sunansa sinadari tun kafin a haifi kakanku, daga maƙera kalmar ta fita ta shiga gari. Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiyarka. Amma kalmar ta yi nisa da gida. Yau ɗanɗanon miya sinadari ne, takin zamani sinadari ne, man shafawa sinadari ne. In ka aiki yaro kasuwa ya sayo waya mai sinadari, mai shago zai tambaye shi wane iri. Mun bar ma hodar kanta wannan suna, a ce sinadarin waya, amma ba zai ɗauki sunan waldar duka ba.

Wani ɗan'uwa daga Daura ya kawo totuwa, ta cikin karan dawa. Siffa kam ta yi. Abin da ya kayar da ita, totuwa ba ta da wani aiki in ta ga wuta sai ta ƙone ta bi iska.

Ɓargo ne ya tsaya. Yana cikin abu mai tauri, zafi ke narkar da shi, kuma shi ne amfanin ƙashin. Haka hodar nan take: in ta narke tana tsabtace ruwan ƙarfe, tana yin kashin da ke rufe ɗinkin har ya huce, a wata wayar kuma ita ke ba da hayaƙin da ke korar iska. Don haka waya mai ɓargo, aikin kuma waldar ɓargo. An yi ƙorafin cewa mai wayar salular da ba ta da harafin ɓ zai rubuta bargo na rufa. To, ya rubuta. Wanda ke cikin sana'ar ba zai ɗauka ana walda da abin lulluɓa ba.

Iri biyu ce, kuma nan ma mun sa suna: mai gas da mai kāre kanta. Mai gas, irin wayar da ke da lamba E71T-1, tana son kabon-dayoksaid zalla ko haɗin argon kashi 75 da kabon-dayoksaid kashi 25, wajen lita 20 a minti. Ɗinkinta ya fi kyau, amma ƙa'idar aikin gini ta Amurka ta hana yin ta a iskar da ta wuce kilomita 8 a awa sai an yi mata kariya. Ku auna wannan da hunturun Katsina a watan Janairu, a shagon bakin titi da ba ko ƙyaure. Mai kāre kanta, irin E71T-11, ita ce ta filin Allah. Harafin T ɗin nan bututu yake nufi, 7 kuma ƙarfin ɗinkin, 1 da ke biye da shi na cewa za ta yi a kwance da tsaye da bisa kai.

Yanzu ga abin da ya fi damuna fiye da sunan waldar. Kalmar "wuta". A injin sanda maɓalli ɗaya ne, oga ya ce ƙara wuta, yaro ya murɗa, magana ta ƙare. Injin ɓargo maɓalli biyu gare shi, kuma kowanne aikinsa daban. Na ga yaro an ce mashi ƙara wuta don ƙarfen ya yi kauri, ya kama na bolt, wato awon ƙarfin turin lantarki, ya murɗe. Ɗinkin ya fito fale-fale, da aka ɓare kashin sai ga wasu layuka a kwance a bayansa, ga ƙananan huji a jere. Ogan ya hau shi da faɗa, alhali shi yaron abin da aka ce ya yi.

Sai mu raba kalmar. Na farko gudun waya: shi ke jan amfiya, wato yawan lantarkin da ke bi ta wayar, shi ke sa ɗinki ya nutsa cikin ƙarfe. Na biyu bolt: shi ke tsawaita harshen wutar, ya faɗaɗa ɗinkin ya kwantar da shi. Bolt ya yi ƙasa, waya ta riƙa tunkuɗar ƙarfe tana harbin hannu, ɗinkin ya taso ya yi tozo. Ya yi sama, gefen ƙarfen ya zaizaye, a mai kāre kanta kuma iska ta samu shiga. Layukan nan da na ambata mun sa masu sawun tana, babu wanda ya ja. Damshi a waya ma na kawo su, shi ya sa ba a barin rol a buɗe a kan inji duk damina. A waya mai gas ta milimita 1.2, bolt 24 zuwa 28 da amfiya 180 zuwa 250 wuri ne mai kyau na farawa, in gas ɗin mai argon ne a rage bolt ɗaya ko biyu. Takardar da ke cikin kwalin ita ce alƙali, ba ni ba.

Akwai maɓalli na uku da ba ya jikin inji, yana hannunka: tsawon wayar da ta fito daga bakin bindiga kafin ta kai ƙarfe. An kawo "tsini", an kawo "harshe", mun ɗauki leƙen waya. In leƙen ya yi tsawo, wayar na ɗaukar zafi tun a hanya, amfiya ta sauka ba tare da ka taɓa komai ba, ɗinkin ya hau sama bai nutsa ba. Wajen milimita 20 ake ba waccan ta 1.2, siririyar mai kāre kanta ta 0.9 kuma wajen 13 zuwa 16. Saurin hannu mun ce jan hannu, da gangan, don a tuna cewa wannan waldar ja ake yi ba turawa ba. Ka tura, kashin ya sha gabanka ya binne a cikin ɗinki.

Mai son lissafi: bolt sau amfiya sau 60, a raba da milimitar da hannu ya ci a minti. Bolt 26, amfiya 220, jan hannu 300, ya ba ka jul 1,144, wato awon zafin da ya shiga ƙarfe, a kowace milimita. Ka sassauta hannu zuwa 200, ya zama 1,716, rabi ya ƙaru, maɓalli na nan inda yake. Wannan zafin ne ke lanƙwasa ƙyauren da aka auna daidai. Zaɓen wayar ma ba wasa ba ne: bayan girgizar ƙasar Northridge a Kalifoniya a 1994 an tarar da tsagu a mahaɗan ginshiƙan gine-gine masu yawa, akasarinsu an ɗinke su da E70T-4, wayar da ke cika wuri da sauri amma ba ta da juriya.

Abu ɗaya ya rage ba mu daidaita ba. E71T-1 na son kebul ɗin bindiga a kan fulos (+) na inji, E71T-11 na son shi a kan mainos (-), kuma wanda ya sauya waya bai sauya kebul ba zai sha tartsatsi har ya zagi injin. Ni "juyin kebul" na kawo. Ɗan'uwan nan na Daura ya ce mace da namiji. Ban yarda ba, don masu gyaran lantarki sun riga mu kai wannan sunan kan soket. Wanda ke da abin da ya fi, ya kawo.