Sikana tana katsewa idan na haɗa ta da laftof mai ramin USB-C

Assalamu alaikum, masana gyaran kwamfuta. Muna da sikana ta gilashi a shagonmu na buga takardu a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Ba ta da igiyar wuta tata, ta ramin Mini-B (wani ƙaramin nau'in ramin USB) take shan wuta da bayanai gaba ɗaya. A tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows 10 tana aiki lafiya lau. Sabuwar laftof ɗin kuwa, mai Windows 11, ramukan USB-C kaɗai gare ta, don haka na bi ta ƙaramin hub (na'urar ƙara ramukan USB) wanda ba ya da caja.

Kwamfutar tana ganin ta, fitilar ma tana kamawa. Amma da zarar na danna sikanin, kan da ke karanta takardar ya matsa kamar santimita 3, sai in ji ƙarar cirewar USB, ta ɓace daga Device Manager (jerin na'urorin da Windows ke gani), manhajar ta ce babu na'ura. A ingancin hoto na 150 dpi da 300 dpi duk haka take yi.

Na sake saka direban 64-bit, na gwada ta TWAIN da WIA (hanyoyi biyu da manhaja ke magana da sikana), na kashe USB selective suspend (saitin Windows na tsimin wutar USB), na canja zuwa gajeriyar igiya mai mita 1, na cire linzami da filashi daga hub ɗin. Babu canji. Zargina wuta ce: irin wannan sikanar tana neman kusan 500 mA na USB 2.0, kuma lokacin da motar da ke jan kan ta tashi ne take yankewa.

Shin igiyar USB-C zuwa Mini-B kai tsaye za ta wadatar, ko sai na sayi hub mai cajarsa? Ɗalibai masu ɗora takardu suna jira. Na gode.