Zanen mazurari a Excel: nawa ya ƙi fitowa daidai

Mai_Sola_Wunti:
Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan sola a Bauchi, ina so in yi zanen mazurari da zai nuna inda masu saye ke zubewa. Lissafin watan jiya: waɗanda suka tambayi farashi 500, waɗanda suka zo shago 300, waɗanda aka je aka duba gidansu 180, waɗanda suka ba da kafin alƙalami 60, waɗanda aka haɗa wa 48. Kwamfutar shago Excel 2013 ce a kanta, na duba ban ga mazurarin ba. Yaya zan yi?

Malamin_Kwamfuta_Yelwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba za ka gan shi ba, don babu shi a 2013. A Excel 2019 da Microsoft 365 yana nan a shirye: ka zaɓi bayananka, ka shiga Insert, ka buɗe rukunin da Waterfall yake, ka danna Funnel. A taka kuwa sai an haɗa shi da hannu, kuma ba wuya.

Ka sa sunayen matakai a A2 zuwa A6, adadin mutane a C2 zuwa C6. B ta tsakiya ita ce ciko. A B2 rubuta =(MAX($C$2:$C$6)-C2)/2 ka ja ta ƙasa har B6. Za ka ga 0, 100, 160, 220, 226. Aikin cikon shi ne ya tura kowace sanda zuwa tsakiya. Kada ka manta da alamar dala ɗin nan. In babu ita, kana jan fomular ƙasa MAX zai riƙa sauka tare da ita, cikon ya zama sifili duka, sandunan su manne a hagu.

Sai ka zaɓi A1 zuwa C6, ka saka Stacked Bar. Ban da mai 100%, wancan yana miƙe kowane layi ya cika faɗin zanen, siffar ta lalace. Danna sandunan ciko ka ba su No Fill su ɓace. Zanen zai fito a kife, 48 a sama, saboda Excel daga ƙasa yake fara jera matakai. Danna sunayen matakan, Format Axis, ka kunna Categories in reverse order. Gap Width ka rage shi zuwa 10%. A ma'aunin da ke kwance ka kulle Maximum a 500, in ba haka ba zai kai shi 600 da kansa, mazurarin ya karkata gefe.

Hajiya_Akanta:
Bayanin Malam ya cika, sai dai Alhaji ka yi hattara da karanta zanen. Ido zai ce maka ɓarnar tana sama, inda 200 suka ɓace tsakanin tambaya da zuwa shago. Ba nan take ba. A D3 rubuta =C3/C2 ka ja ƙasa, ka mai da shi kaso. Za ka sami 60, 60, 33, 80 cikin ɗari. Wato bayan an kashe kuɗin mai an je an duba gida, mutum ɗaya cikin uku ne kawai ke ajiye kuɗi. Nan ne wurin bincike: ko farashin da ake yankawa, ko jinkirin tura shi. Mai tambayar farashi a WhatsApp ya wuce bai ci maka ko kwabo ba.

Sannan mutanen su zama rukuni ɗaya tun daga sama har ƙasa. In wanda ya tambaya a watan Maris ya biya a Afrilu ka ƙirga shi cikin na Afrilu, wani mataki na ƙasa zai iya fin na samansa, zanen ya yi tumbi. Excel ba ya gyara maka jeri, yadda ka ba shi haka zai zana.

Mai_Sola_Wunti:
Na gode ƙwarai. Na bi, amma B3 tana nuna #VALUE!, sandar 300 kuma ba ta fito ba.

Malamin_Kwamfuta_Yelwa:
Rubutu ne a C3, ba lamba ba. Duba ko an sa "300 mutum", ko an buga harafin O a madadin sifili. Lamba tana jingina dama a cikin akwati, rubutu yana jingina hagu. Goge ka sake buga 300 zalla.

In a waya za a riƙa dubawa, akwai gajeriyar hanya: a E2 rubuta =REPT("|",C2/10), ka ja ƙasa, ka daidaita rubutun a tsakiya. Yana aiki a Google Sheets ma. Kuma in wani ya turo maka fayil mai mazurarin Excel 2019, taka ba za ta nuna shi ba, sai fili da sanarwar cewa babu irin zanen a cikinta. Ka ce ya turo shi a PDF.