Yamaha, Roland ko Kawai: wanne ya fi daɗin hannu?

Uwar Biyu: Salamu alaikum 'yan zaure. Malamin 'yata ya ce ta wuce ƙaramin fiyanon da muke da shi mai madannai 61, wai yanzu sai mai 88 mai nauyi. An turo min hotunan Yamaha P-45, Roland FP-10 da Kawai ES110. Don Allah wanda ya taɓa kaɗa su ya gaya min wanne ya fi kusa da fiyanon gaske, a hannu da kuma a kunne.

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Yamaha kawai, Anti. Ko ya samu matsala ba za ki rasa mai gyara ba.

Malamin Kiɗa: Maman yara, dukkan ukun na koyar da ɗalibai a kansu. A hannu, FP-10 ne a gaba. Madanninsa, wanda suke kira PHA-4, ya fi nauyi, fuskarsa ba ta da santsi ko da yatsa ya yi gumi, kuma in kika danna a hankali za ki ji wata 'yar tirjiya kafin ya kai ƙasa, irin wadda ake ji a babban fiyanon katako. Sensa, wato abin da ke gane dannawa, uku gare shi a ƙarƙashin kowane madanni, na P-45 biyu ne, shi ya sa maimaita sauti ɗaya da sauri ya fi fita a Roland. Kawai ya fi su sauƙin dannawa, yana dawowa da hanzari. A kunne kuma Yamaha na da haske da kaifi, Kawai na da taushi da ɗumi. Ni Kawai ke min daɗi, amma wannan ra'ayina ne.

Uwar Biyu: Shekararta tara fa, Malam. Nauyin ba zai wahalar da ita ba?

Malamin Kiɗa: Sati biyu za ta yi tana ƙorafi, daga nan yatsun su saba. Nauyin ne ma ake nema.

Mai Situdiyo: Ni fa ban gane wannan wahalar ba. Waƙoƙin da aka buga a Kano da PSR, wato fiyanon Yamaha mai madannai marasa nauyi, ba su ƙirguwa, wa ya taɓa tambayar nauyin madanni? Ku saya wa yarinya PSR, ga kiɗan ganga a ciki, ga sarewa, ga komai. P-45 sauti goma kacal gare shi.

Malamin Kiɗa: Maigida, sana'a daban ce. Kai kana haɗa kiɗa, ita tana koyon sarrafa ƙarfin yatsa.

Mai Situdiyo: Wato mu ba makaɗa ba ne ke nan?

Malamin Kiɗa: Haba, ban ce haka ba. Abin da kake yi da hannun hagu ni ba zan iya ba.

'Yar Kwaya: Yaya Uwar Biyu, kafin ki zaɓi suna, bari in ba ki labarin abin da ya same mu, don har yau yana min ciwo. Matasan majami'armu ne suka yi karo-karo, wasu da ɗan kuɗin da suke samu a ɗinki da acaɓa, aka ce a sayi fiyano mai nauyi na hannu. Muka je wata kasuwa a Legas. Mai shagon ya jona shi da wata ƙatuwar sifika, ga janareto na ruri ta kowane gefe, ya sa yaronsa ya kaɗa mana da ƙarfi. Sauti ya cika shago, kowa ya ce ma sha Allah. Muka nemi ya cire babbar sifikar mu ji nasa na jiki, ya ce ai duk ɗaya ne, ga masu saye na jira.

Da muka iso gida aka kunna shi cikin shiru, nan gaskiya ta fito. Na farko, babu guduma a cikin madannan, wato abin da ke ba su nauyi irin na fiyanon gaske, sifirin ne da ɗan ƙarfe a manne, alhali ya rantse mana cewa cikakken nauyi ne. Kana dannawa yana tunkuɗo maka yatsa. Na biyu, madannai uku a tsakiya, daidai inda ake yawan waƙa, ko shafa su ka yi sai su ƙwala ƙara kamar an doke su. Ki yi tunanin ana addu'a, ana so a bi da kiɗa a hankali, sai sauti ɗaya ya tsage ya firgita mutane. Na uku shi ya fi ƙona min rai: adaftar da ya haɗo mana ta Japan ce, ta wuta 100, mu kuma tamu 230 ce. A shagonsa ashe akwai taransifoma a ƙarƙashin tebur, bai faɗa mana ba. Daren farko ta yi hayaƙi. Muka kira shi ya ce kaya in sun fita sun fita.

Don haka ko wanne za ki saya, ki je da malamin yarinyar. A kashe shi tukuna a danna madannai babu wuta, a ji nauyinsu da ƙarar da suke yi. Na hagu ya kamata su fi na dama nauyi. Sannan a kunna, a bi duka 88 ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi. Ki tafi da hedfon naki. Ki juya adaftar ki karanta abin da aka rubuta a bayanta.

Ɗan Zariya: Subhanallahi. Allah ya mayar muku da alheri.

Mai Gyara: Ƙanwata, madannan nan uku suna gyaruwa. A ƙarƙashinsu akwai roba mai bakin taɓawa biyu, na'urar tana auna tazarar lokaci tsakanin taɓawar farko da ta biyu, da ita take sanin ƙarfin dannawa. In ƙura ta shiga sai lissafin ya rikice, ta ɗauka da ƙarfi aka buga. Ana buɗewa a goge, in robar ta cinye a canza. Ku riƙa rufe shi da zane, musamman da hunturu.

'Yar Kwaya: Na gode Yaya, zan neme ka ta gefe.

Baba Mai Ogan: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Sauti ana iya canza shi. In bai yi maka ba sai ka jona da sifika mai kyau, ko ka haɗa da kwamfuta ta USB ka ɗora wani. Madanni kuwa da shi za ka zauna har ka sayar. Ku zaɓa da yatsa tukuna, kunne ya biyo baya.

Malamin Kiɗa: Gaskiya ne Baba. FP-10 ma sifikunsa ƙanana ne kuma ƙasa suke kallo, sai an sa hedfon ake jin kyansa. Sai dai a lura da yawan sautin da kowanne ke iya riƙewa lokaci guda: P-45 64 ne, FP-10 96, ES110 192. Mai koyo ba zai ji bambanci yanzu ba, sai ta fara taka fedar da ke tsawaita sauti sosai.

Ɗan Zariya: Duk kun manta da maganar wuta. Casio PX-S1100 batir shida na AA yake ci. A unguwarmu wannan ya fi duk wata guduma.

Malamin Kiɗa: Haka ne, amma siririn jikin nan ya sa madannan sun gajarta. In yatsa ya shiga can ciki tsakanin baƙaƙen, sai ka ji ya yi tauri.

Mai Situdiyo: Ƙaramin PSR ma yana cin batir, amma da na faɗa an ce ni ba makaɗi ba ne.

Baba Mai Ogan: Kai dai ba ka yafiya, ɗana.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. To yanzu Roland ke nan ko Kawai? Mai turo hotunan ya ce akwai ES120 ma.

Malamin Kiɗa: Shi ne ya gaji ES110, a 2022 ya fito. P-45 ma P-145 ya gaje shi a 2023. Ki tambayi kuɗin kowanne.

Mai Gyara: Ko wanne ne, a sa masa sitabilaiza. Kuma a cire filogi duk lokacin da za a canza layi zuwa janareto.

Ɗan Zariya: Wa ke da ƙafar ɗora fiyano ta sayarwa a Kaduna? Mai ƙarfe biyu nake so, tawa tana rawa.