Bita sau uku a shekara ɗaya, aikin kuma yana nan yadda yake

Sista Hauwa: Assalamu alaikum. Ni nas ce, shekarata 9 a ɗakin haihuwa. Da zarar an ga aiki ya ja baya, sai a kira mu bita. Bana kaɗai sau uku aka koya mana farfaɗo da jaririn da ya fito bai yi numfashi ba. Na iya, ko daga barci aka tashe ni. Amma daren Talata mu biyu ne a kan mata 14, jakar hura iska ɗaya tal, ita ma robarta ta tsage. Da fitilar waya na yi wa wata ɗinki. Da safe shugabarmu ta shigo, ko sannu babu, sai cewa ta yi me ya sa ban cike rajista ba. Don Allah rashin ƙwarewa ne ke damunmu, ko dai raina mana hankali ake yi?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Sista. A 2002 Linda Aiken, wata mai bincike kan aikin jinya, ta wallafa binciken da suka yi a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania a Amurka. Duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Can fa ke nan, inda wuta ba ta ɗaukewa.

Hajiya Matiron: 'Yata, kada ki raina bita, hannu yana mantuwa. Minti ɗaya ake da shi kafin a fara hura wa jaririn nan iska, kuma na ga ƙwararriya ta daburce a cikinsa. Abin da na ƙi shi ne bitar otal. Ni 'yartsanar koyon farfaɗo da jariri na ajiye a ɗakin, kullum wajen miƙa aiki sai an gwada na minti biyar. Jakar kuma ki rubuta buƙatarta a takarda, ki riƙe kwafi.

Bala: Ni shekara 6 na yi a aikin jinya na ajiye, kuma ba albashi ne ya kore ni ba. Kuskure ɗaya, kowa ya ji. Ka ceto rai, shiru.

Sista Hauwa: Na gode, Mama. Takarda ta uku ke nan a jakata. Gobe zan kai ta huɗu, in tambayi 'yartsanar ma.