Neman shawara: muryarta a Kano, tawa a Damagaram

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na rubuta waƙar soyayya ta mutum biyu, mace da namiji, a kan masoyan da suka rabu tun zamanin da ake aika saƙo a kaset, suka sake haɗuwa bayan kowa ya manyanta. Tun ina yaro a Birni nake jin yadda yayana ke kulle ɗaki yana sauraron kaset ɗin budurwarsa, kuma daga nan baitocin suka fito. Wadda za ta yi ɓangaren macen ta koma Kano, can ta ɗauki muryarta ta turo ta WhatsApp. Na biya jaka 40 a sitidiyo a nan, amma da aka haɗa muryoyin sai ka ji kamar kowa da wanda yake yi wa magana. Yanzu kuma ta daina ɗaukar wayata. Me zan yi?

Tsohon makaɗi, Zango: Ɗana, ba a yin waƙar mutum biyu a garuruwa biyu. Dole ku tsaya ɗaki ɗaya, ta ji inda kake jan numfashi, kai ma ka ji inda take sauke amshi. Sannan ka cire fiyano ka sa gurmi da kalangu, domin waƙar tuna baya ba ta zama a kan kiɗan kwamfuta.

Wata 'yar'uwa: Ba ka faɗi dalilin da ya sa ta daina ɗaukar waya ba. Ni na yi amshi a waƙoƙi 3, ko sunana ba a ambata ba, balle kuɗi, kuma har yau ina jin muryata a wajen biki.

Mai haɗa sauti: Baba, da girmamawa, kuɗin mota daga Kano zuwa nan ba kyauta ba ne, kuma ana haɗa muryoyi daga nesa kullum. Matsalar ita ce kowa ya rera a nasa ma'aunin. A tura mata kiɗan tare da muryarsa ta sake ɗauka a kansu. Kuma ya yi wa waƙar rajista a BNDA, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Nijar, kafin ta fita.

Tsohon makaɗi, Zango: Na'ura tana daidaita murya, ba ta daidaita zuciya. Marigayi Mamman Barka, mawaƙin Nijar, da biram, abin kiɗan gargajiya mai tsirkiya, ya zagaya duniya.

Mai tambaya: Baba, fiyanon na zaɓa da gangan, domin shi ne sautin da muka taso da shi a finafinan Hausa. Yaya, ban hana ta haƙƙinta ba. Na dai ce sunana ne zai zo farko tunda ni na rubuta.

Wata 'yar'uwa: To, ga amsarka nan. Nawa ka ba ta?

Mai tambaya: Wannan tsakanina da ita ne. Ni dai maganar haɗa muryoyin nake tambaya.