Shawarwarin da na tsinta kan binciken lafiya a Jami'ar Bayero

Hirar da aka yi kan binciken lafiya a Jami'ar Bayero ta yi tsawo, amma inda aka fi daɗewa shi ne tambayar ina ake samo abin bincike. Wani dattijon malami ya ce a daina kwafo batu daga mujallun Turai, a shiga ɗakin marasa lafiya a duba abin da ke damun mutane. Misalin da ya kawo shi ne aikin sikila da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka yi tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Ana auna gudun jini a kwakwalwar yaro da na'ura, wanda aka ga yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki sai a ɗora shi kan maganin haidiroksiyuriya. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ƙaramin awo, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, bai gaza miligiram 20 ba wajen kare yaran daga shanyewar ɓarin jiki. Ga uban da ke sayen magani daga aljihunsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sauran shawarwarin an ratsa su da sauri. A nemi amincewar kwamitin ɗa'a, wato mai duba cewa bincike ba zai cutar da mutane ba, kafin a ɗebi jinin kowa. A tsayar da jerin sunayen marubutan rahoton bincike tun farko, don nan zumunci ke lalacewa. Mujallar da ta yi alkawarin bugawa cikin mako guda in an biya, a guje ta.

Wata malamar jinya ta ce a riƙa kai sakamako gidan rediyo da Hausa, tunda iyayen da suka kawo 'ya'yansu ba sa karanta mujalla. Ni dai ita na fi mara wa baya.