Sabuwar Nissan Z da tsohuwar Datsun 240Z: wai ina ya kamata a tsaya wajen kwaikwayo?

Ɗan Zane:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan kowa ya tashi lafiya. Wata gardama muka yi da kawuna tun ran Juma'a kuma har yau ta ƙi barin raina, shi yasa nace bari in kawo ta nan ko masana za su raba mu. Ni tun ina firamare nake zanen motoci a bayan littafi, kuma duk cikin motocin duniya babu wadda hannuna ya saba da ita kamar Datsun 240Z, wadda Nissan suka fitar a 1969, a can Japan sunanta Fairlady Z. Dogon bonet, rufi ya sulalo baya kamar an kwarara ruwa, fitilu zagayayyu sun lotsa cikin bodi, kujera biyu kacal. To da na ga sabuwar Z ɗin da suka fara sayarwa a 2022 sai murna ta kama ni na kai wa kawu hoton a waya, don shi ya ja Datsun 120Y da ƙuruciyarsa kuma har gobe in aka ambaci sunan sai fuskarsa ta canza. Ya kalla ya kalla ya miƙo min wayar yace wannan ba ita bace, ta yi ƙiba, kuma bakin gabanta kamar tagar shago, wai hular uba aka ɗauka aka ɗora wa ɗan maƙwabta.

Wlh abin ya taɓa ni don ni gani nake sun yi ƙoƙari sosai, fitilun gaba sun ɗauko daga 240Z, na baya sun ɗauko daga wata tsohuwar Z ɗin, 300ZX ta 1989, har tambarin Z ɗin nan na gefen gilashin baya sun dawo da shi. To tambayata ita ce, in kamfani zai dawo da siffar motar da ta yi suna, me ya wajaba ya riƙe kuma me zai iya bari? Me ya hana su sake buga 240Z ɗin sak kawai su sa mata sabon inji, tunda kowa ya yarda ta fi kyau?

Bakaniken Panteka:

Wa alaikumus salam ƙanina. Tambayarka ta ƙarshe zan fara amsawa don ita ce a fannina. Ba za su iya buga ta sak ba ko suna so, doka ba za ta bari ba kuma injin ma ba zai yarda ba.

Kaga ita 240Z injinta lita 2.4 ne, silinda 6 a jere, kafireto biyu, ƙarfinta wajen doki 150, nauyin motar gaba ɗaya kilo 1,000 da ɗan ɗoriya. Sabuwar kuma V6 ce lita 3.0 da turbo biyu, doki 400, nauyi ya kusa kilo 1,600. Duk injin da ke ba da doki 400 zafin da yake fitarwa ba wasa bane, ga lagireto, ga abin sanyaya iskar turbo, ga na sanyaya baƙin mai, ga na AC, dukkansu iska suke nema kuma ta gaba za ta shigo. Wannan bakin da kawu ya kira tagar shago ba ado bane, numfashin motar ne, ka toshe shi ka ga yadda allurar zafi za ta tashi kafin ka bar unguwa. Mu da muke ƙasar zafi ai mun fi kowa sanin wannan.

Sai maganar ƙiba. A 1969 babu jakar iska ko ɗaya, ƙofa falle ce kamar gwangwani, ginshiƙin da ke riƙe gilashin gaba siriri kamar sandar makiyayi shi yasa direba yake ganin ko'ina. Yanzu dole a sa ƙarafa cikin ƙofa saboda bugun gefe, dole ginshiƙi yayi kauri don in mota ta kife rufi kar ya danne mutum, kuma tun wajen 2005 Turai da Japan suka kawo dokar kare mai tafiya a ƙasa, wato sai an bar rata tsakanin bonet da kan inji don in an buge mutum ƙarfen ya lotsa maimakon kansa ya daki inji. Da ka ɗaga bonet sama kuwa sai layin gefe ya tashi, sai gilashi ya ƙanƙance, sai taya ta zama ƙarama a ido dole a ƙara mata girma, haka abin ke bin juna har motar ta kumbura. Irin fitilun nan da ke buɗewa su rufe kamar ido ma a 2004 aka yi sallama da su, Corvette C5 da Lotus Esprit ne na ƙarshe. Ni na sha ciro mutane daga tsofaffin motoci da aka jawo mana gareji bayan hatsari, nasan bambancin, ba zan taɓa cewa a koma falle ba don kyau.

Tsohon Direba:

Yarona ka gaida kawun naka, ka ce masa akwai ɗan uwansa a nan. Na fahimci abin da yake nufi ko da bai iya faɗa maka dalla-dalla ba. Mu abin da muka sani da Datsun ba fitila bane, juriya ce da sauƙi, mota ce da za ka buɗe bonet ka ga ƙasa ta ƙarƙashin inji, da sifana uku da filaya ka gama da ita a bakin hanya. Ita 240Z ɗin nan da kake so ba motar kwalliya bace kawai, ita ta cinye tseren Safari na gabashin Afirka a 1971, ta sake cinyewa a 1973 a hannun Shekhar Mehta, cikin ƙura da laka da duwatsu. To mutumin da ya san wannan in ka nuna masa mota mai allon kwamfuta a gaban sitiyari wadda sai an jona mata na'ura kafin a san ciwonta, dole yace ba ita bace. Ba idonsa ne ke magana ba, hannunsa ne.

Amma ni ban ƙi sabuwar ba gaskiya. Jikana ya nuna min cikinta, na ga sun bar giyar hannu mai 6 da kuloci, sun bar birkin hannu na ja, ga ƙananan agoguna uku a saman dashbod suna kallon direba kamar na da. Wanda ya yi wannan ya zauna cikin tsohuwar, ba a hoto ya gan ta ba.

Mai Son Supra:

Ku dai ku gode wa Allah ku masu Z, aƙalla taku Nissan ce daga bamba zuwa bamba. Eh nasan ƙashinta, wato ginin ƙarƙashin motar, na 370Z da ta gabace ta ne aka gyara, shi yasa ma lambarta RZ34 tunda ta waccan Z34 ce, wasu na zagin haka amma ni gani nake gara tsohon ƙashi na gida da sabo na aro. Mu da muka jira Toyota Supra tun da aka daina tsohuwar, wato A80, a 2002, shekara 17 muna jira, da ta fito a 2019 sai ga injin BMW a ciki, ƙashinta ɗaya da BMW Z4, a garin Graz na Ostiriya aka haɗa ta, ka buɗe ƙofa ƙarar da za ka ji ta BMW ce, madannan ciki na BMW ne, kuma da farko ko giyar hannu babu sai a 2022 suka kawo bayan mutane sun yi ta ƙorafi. Ban ce injin BMW ɗin, wato B58, ba shi da kyau ba, yana da kyau sosai kuma silinda 6 ne a jere kamar yadda Supra ta gada, amma abin da ya sa duniya ta haukace kan A80 ai 2JZ ne, injin Toyota da ake ƙara masa ƙarfi ninki biyu bai ce uffan ba. A waje sun yi mata rufi mai tudu biyu don tunawa da tsohuwar Toyota 2000GT, sun ɗaga mata gindi kamar ta da, duk na gani na yaba, amma har yau in na gan ta sai inji wani abu ya tsaya min a wuya. Don haka ni amsata ga mai tambaya, siffa ita ce abu mafi sauƙin kwaikwayo, wa ya ƙera zuciyar shine magana.

Ɗalibar Injiniya:

Sannunku yayyena da Baba. Yaya mai Supra ina jin zafinka amma ka duba ɗaya gefen, irin waɗannan motocin masu kujera biyu yanzu ba su da kasuwa kamar da, kowa jif yake saye, kuɗin ƙera sabon inji da sabon ƙashi don motar da ba za a sayar da yawa ba babu kamfanin da zai zuba shi haka kawai. Da Toyota ba su haɗa kai da BMW ba mai yiwuwa da babu Supra ɗin kwata-kwata. Ita Z ma ai ba a kai ta kasuwar Turai ba saboda dokar hayaƙi.

Ni misalin da nake ganin an yi daidai shine Alpine A110 ta Faransa da Renault suka dawo da ita a 2017. Tsohuwar ita ta lashe gasar rali ta duniya ta farko a 1973, kuma ba da ƙarfin inji ta yi suna ba, da rashin nauyi ne. To da za su dawo da ita sai suka fara da wannan, suka yi bodin da alminiyom, suka sa ƙaramin inji lita 1.8 mai silinda 4, motar ta tsaya wajen kilo 1,100 a zamanin da sa'o'inta ke haura 1,400, kuma a masana'antarsu ta asali da ke Dieppe aka ƙera ta. Fitilu huɗun gaba da layin da ya ratsa tsakiyar bonet sun dawo, amma ku lura sun canza babban abu, tsohuwar injinta a can ƙarshen baya yake, sabuwar sun matso da shi tsakiya don ta fi daidaito a kwana, kuma babu giyar hannu. Duk da haka ba ka cika jin mai cewa ba A110 bace. Abin da na ɗauka daga nan shine sai an fara tambayar me ya sa aka so tsohuwar tun farko, in an riƙe wannan ɗaya to sauran ana iya taɓawa.

Kishiyar haka kuma Countach ɗin da Lamborghini suka fitar a 2021, guda 112 kawai, a kan ƙashin wata motarsu mai suna Aventador. Marcello Gandini da ya zana ta asali, wadda aka fara nunawa a Geneva a 1971, fitowa yayi fili ya nesanta kansa da ita. Kuma ina ganin dalilinsa, Countach ta asali abin da ya sa ta girgiza mutane shine babu abin da tayi kama da shi a lokacin, to ta yaya za ka girmama motar da ta ƙi kallon baya ta hanyar kallon baya? Na Ford kam ban ma son tunawa, sun ɗauki sunan tsohuwar motarsu Capri a 2024 sun liƙa wa doguwar motar lantarki mai ƙofa huɗu, wannan suna kawai aka ara.

Mai Fenti:

Ƙari kaɗan daga mai aikin bodi. Ɗan Zane kai da kake zane ka gwada wannan, ka rufe fitilu da tambari da yatsa ka kalli motar ta gefe kawai. In inuwarta ta faɗa maka sunanta an yi nasara. Porsche 911 tun 1963 suke kan layi ɗaya, ta ƙara faɗi ta ƙara tsawo, a 1997 ma suka bar sanyaya inji da iska suka koma ruwa, amma inuwar na nan. Kuma ko su da suka taɓa fitilu a samfurin 996 na 1997 ɗin aka yi ta kiransu soyayyen ƙwai sai da suka dawo da zagayayyu a 2004. Mu nan da Fijo ta yi mana sarauta, ku nemi hoton e-Legend da suka nuna a Paris a 2018 don tunawa da 504 Coupé, ban taɓa ganin an haɗa da da yanzu da kyau haka ba, sirarran ginshiƙai da faffaɗan gilashi, sai dai ta nuni ce ba su taɓa ƙera ta don sayarwa ba.

Ɗan Zane:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, na ƙaru fiye da yadda na zata. Baba na isar da gaisuwarka, da na karanta masa maganar hannu da ido shiru yayi sannan yace wannan mutumin ya ja mota. Oga mai fenti na yi abin da kace, na zana su biyun ta gefe a takarda ɗaya babu fitila babu tambari na kai masa, ya nuna sabuwar da yatsa yace to nan kam jininsu ɗaya, daga gilashin gaba zuwa but. Amma kan bakin gaba har yanzu yana nan kan bakansa, ni ma in zan faɗi gaskiya da na sake zana shi sau uku na ga murabba'in yayi tsauri, tsohuwar bamba ce ta raba mata shi biyu shi yasa bai cika ido ba. Oga bakanike shin in an raba shi biyu iskar za ta ragu ne?

Bakaniken Panteka:

Ba lallai ba ƙanina, in dai jimillar faɗin ramin bai ragu ba kuma an bi da iskar ta kan lagireto yadda ya kamata. Su kansu Nissan sun ji wannan ƙorafin, a bikin motoci na Tokyo Auto Salon na 2022 sun nuna wata Z ruwan lemo da aka raba mata bakin biyu da sanda a tsakiya irin na da. Nemo hoton wannan ka kai wa kawu, sannan ka dawo ka faɗa mana me yace.